Ruwan Da Ya Kwana Ya Zama Ja

Ko da na manta komai na shekarar da Baba ya rasu, batun rijiyarsa ba zai fita daga raina ba.

Bayan rasuwar ne na sa aka haƙa rijiyar burtsatse a ƙofar gidanmu, a wani ƙauye kusa da Kunci, domin ladan ya kai gare shi. Ruwan ya fito garau, aka yi addu'a aka watse. Washegari duk wadda ta buɗe randa sai ta tarar ya zama ja, da laka a ƙasa. Fararen kaya suka yi tabo, shayi ya yi baƙi. A hankali mata suka koma tsohuwar rijiya ta bayan gari.

Baffana, ƙanen Baba, ya ce a toshe ta kafin ta cuci wani. Wannan bai dame ni ba kamar abin da na ji daga bakin Inna. A hankali ta ce, "Ko dai ba a karɓi sadakar ba ne?" Daga nan ta rage cin abinci.

Ana cikin haka 'yar gwaggona, wadda ke koyar da kimiyya a Tsanyawa, ta zo gaisuwa. Taubashiyata ce, don haka da tsiya ta fara.

"Kai da aka ce ka haƙa rijiya, sai ka haƙo mana zoɓo?"

Ta karɓi kwalba biyu. Ɗaya ta cika ta fal daga bakin famfo ta toshe, ɗayar kuwa rabi ta zuba ta girgiza. Ta miƙa wa Inna ta ce, "Ke za ki ajiye, kada a ce na yi rufa-ido."

Da safe cikakkiyar tana nan garau, ta rabin ta yi ja.

Taubashiyata ta ce, "Inna, ƙarfe ne narke a ruwan, daga ƙasa yake. Yana da wasu ƙwayoyi da ake kira ilekturon. A can cikin ƙasa guda biyu ya rasa, ana cewa yana mataki na biyu, ido ba ya ganinsa. Da ya haɗu da iska sai iskar oksijin ta ƙwace ta uku, ya koma mataki na uku, ya zama tsatsa ya kwanta. Irin wadda ke kama fartanya ce."

Baffa ya ce, "Wato iska ce ke ɓata shi?"

"Tona shi take yi, Baffa. Kuma ita za ta fitar mana da shi."

Ta sa aka kai ruwan zuwa birni aka gwada, ba a sami wani abu ba sai ƙarfen. Muka gina tanki, ruwan na zubowa ta faranti mai huji-huji ya sha iska, sannan ya ratsa tsakuwa da yashi. Ruwan ya kwana a randa bai yi ja ba. Inna ce ta fara kai moɗa baki. Ta sha, sannan ta ce, "Allah Ya kai masa." Ranar ta cinye tuwonta.

Har yau ina gode wa taubashiyata, ko da yake ba ta daina kirana mai zoɓo ba. Abin da na koya shi ne, kafin a toshe abu saboda tsoro, a nemi wanda ya san dalilinsa a tambaye shi.