Yadda Kawu Hanci Ya Rasa Girarsa

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai gyaran wuta ne, duk layin kuma Hanci ake ce masa. In aka kawo masa fiyus ɗin da ya ƙone, kafin ya taɓa testar gwada wuta sai ya kai shi hanci ya sansana, sannan ya ɗaga shi a haske. Idan gilashin ya yi baƙi ƙirin, ya ce wayoyi biyu ne suka haɗu. Idan siririyar wayar ciki ce kawai ta tsinke, sai ya dubi mai kayan ya ce, "Dutsen guga da hita kuka jona wuri ɗaya, kar ka ɓoye min."

Bai taɓa yar da mataccen fiyus ba. Gwangwanin madara ya cika da su, wai ba zai wulaƙanta abin da ya mutu don firjin wani ya rayu ba.

Wata safiya musu ya haɗa shi da telan da ke maƙwabtaka da shagonsa. Kawu ya ce wayar tagulla in ta fashe koren haske take yi. Tela ya ce shi duk wutar da ya sani ja ce. Kawu ya jawo batirin mota, ya zare silin tagulla ɗaya ya haɗa bakunan biyu. Ya yi tartsatsi ya ɓace.

"Ban gani ba, na ƙifta ido," in ji tela.

Kawu ya murɗe sili biyar, ya sunkuya sosai don ya nuna masa wurin dubawa. Aka ji fau, hayaƙi ya tashi da ƙaurin gashi.

"Kore ne, na yarda," in ji tela. "Amma ina girarka?"

A gida matarsa ta ɗauko jagira za ta rufa masa asiri. Dariya ta hana hannunta tsayawa, ta zana masa gira can tsakiyar goshi. Ya leƙa madubi ya ce ba laifi.

Wata guda Kawu yana yawo da fuskar mamaki. In ya buɗe akwatin mita a gidan mutane, ya waiwayo, sai maigida ya dubi girar nan ya ja da baya.

"Malam, abin ya kai haka?"

"Ƙusa ce kawai ta saki."

Ba mai yarda. Wata mata har 'ya'yanta ta kwashe zuwa gidan yayarta, ta ƙi dawowa sai da aka sake wayoyin ɗakin girki.

Girar hagu ta tsiro daga baya, ta dama kuwa rabi ta tsaya. Yanzu ya haura sittin, har yau yana gwaje-gwajensa, sai dai da aron tabarau na mai walda. Tela kuma daga tsallaken titi yake ba da shaida.