Jami'o'i Biyu da Tambayoyina Uku

Abubuwa da yawa na shekarar da na gama sakandare sun shige mini, amma makon da na zaɓi jami'ar da zan shiga yana nan a raina, kuma na san ba zan taɓa mantawa da shi ba.

A Gumel muke zaune. Mahaifina malamin gona ne da ya yi ritaya, mutum ne mai ƙarancin magana. Da sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, makin da na ci ya isa in karanta haɗa magunguna, kuma kowa a gida ya ɗauka an gama magana. Ni kuwa wani abu daban nake so: digirin da ake haɗa fannoni, lafiyar al'umma da muhalli da nazarin zamantakewa a wuri guda.

Dalilina ya samo asali ne daga wani ƙauye kusa da Gagarawa, inda na yi hutun damina a gidan gwaggona. Yara sun yi ta gudawa, alhali an haƙa musu sabuwar rijiyar burtsatse. Ma'aikacin lafiya yana ba da magani, wanda ya haƙa rijiyar ya ce ruwansa tas yake. Da na tambayi Gwaggo, sai ta ce, "Ai a gaban majalisar maza aka dasa ta. Wace matar aure ce za ta je can ta tsaya da bokiti?" Ashe tsohuwar rijiya suke ci gaba da ɗiba. Kowane ma'aikaci ya yi aikinsa daidai, yara kuma suna kwance. Tun daga ranar na ƙudura cewa karatun da zai haɗa waɗannan abubuwa nake so.

Jami'o'i biyu na samu masu irin wannan digiri. Ɗaya babba ce, tsohuwa, wadda ambaton sunanta kaɗai ke sa a gyara zama. Ɗayar sabuwa ce, ƙarama, ko a unguwarmu ba kowa ya san ta ba.

Yayan mahaifina, wanda muke kira Baffa, tsohon magatakardan kotu ne, kuma a danginmu ba a yanke hukunci sai an ji ta bakinsa. Da labari ya kai masa, ya zo har gida bayan la'asar. Ya ce, "Wanda ya karanta likitanci likita ne, wanda ya karanta shari'a lauya ne. Ke idan kin gama me za a kira ki?" Ya ce idan har sai na yi wannan gauraye-gaurayen, to in tafi babbar, ko ba komai sunanta zai rufa mini asiri.

Bayan ya tafi, Baba ya ce, "Saura kwana shida a rufe canjin makaranta. Gobe za mu kama hanya mu ga duka biyun. Amma ni rakiya kawai zan yi, bakina ba zai buɗe ba. Ki shirya tambayoyinki."

Na rubuta guda uku a bayan littafina. Wa ke kula da ɗaliban wannan digiri? Ana fita cikin jama'a ko a aji ake ƙarewa? Waɗanda suka gama, ina suke yanzu?

Babbar jami'ar ta burge ni tun daga ƙofa. Amma ofis uku muka shiga, kowanne yana tura mu na gaba. A ƙarshe wata ɗaliba 'yar aji uku ta zaunar da mu a gindin bishiya. Ta ce malamai suna da ilimi sosai, sai dai kowane sashe yana ɗaukar su a matsayin baƙi. Ta ce bara jarrabawa biyu suka faɗo mata a sa'a ɗaya, ta rasa wanda za ta kai wa kuka. Na kalli Baba, ya kawar da kai. Ya cika alƙawari.

Washegari muka isa ƙaramar. Rabin gine-ginen ko fenti babu. Muna tsaye sai ga wata bas ta sauke ɗalibai da taɓo a takalmansu, suna riƙe da kwalaben ruwan da suka ɗebo don gwaji. Wata malama ta sauko a bayansu, ita ce shugabar shirin. Na yi ta maza na gaishe ta, na karanto tambayoyina. Ta ce ita ce mai kula da su, ga ofishinta can, kuma amsar tambaya ta biyu na gan ta da idona. Ta ukun kuwa, sai ta kira wata tsohuwar ɗalibarta a waya ta miƙo mini. Matar ta ce tana aikin tsaftar ruwa a wata ƙaramar hukuma, amma sai da ta shekara tana nema kafin ta samu.

Da na gaya mata makina ya isa haɗa magunguna, malamar ta ƙara da cewa, "Kada in ɓoye miki, ɗakin karatunmu ƙarami ne. Kuma za ki je neman aiki a ce ba a san sunan digirinki ba, ke za ki riƙa yin bayani da bakinki. Idan ba za ki iya ba, gara ki yi haɗa magungunanki, shi ma karatu ne mai kyau."

Yanzu da nake tunawa, wannan gaskiyar da ta faɗa ce ta gama da ni. Wanda ya nuna maka raminsa da kansa, ba ka jin tsoron shiga gidansa.

Da muka dawo, na ce ƙaramar na zaɓa, Baba ya ce in je in gaya wa Baffa da kaina. Muka tafi tare, na durƙusa a zaurensa. Na ba shi labarin rijiyar, na faɗi abin da na gani a makarantun biyu, har da ƙaramin ɗakin karatun da shekarar neman aikin. Ya juya ga Baba ya ce, "Kai fa, me ka gani?" Baba ya ce, "Yaya, shekara talatin ina kai wa manoma iri mai kyau suna ƙin shukawa, ban taɓa samun wanda ya koya mini in tambaye su dalili ba. A ƙaramar na ga ana koyarwa."

Baffa ya ce, "Ban gamsu ba. Amma kin je kin gani, ni ban je ba. Allah ya sa albarka." Da safe na tafi shagon kwamfuta na canza zaɓina zuwa ƙaramar jami'ar.

Abin da malamar ta faɗa ya tabbata. Na sha yin bayanin digirina a gaban masu ɗaukar aiki, wasu suka ɗaga gira, na yi wata tara a gida. Yau ina cikin masu shiga ƙauyuka tsakanin Maigatari da Sule Tankarkar kan harkar ruwa da lafiya, kuma ban taɓa yin nadama ba.

Abin da wancan makon ya koya mini shi ne, kada in zaɓi wuri saboda girman sunansa ko don in faranta wa wani. In san abin da nake nema, in taka da ƙafata in gani, in yi tambaya ba tare da kunya ba. Wanda ya yi haka zai iya tsayawa gaban babba ya faɗi zaɓinsa cikin ladabi, kuma ko wahala ta biyo baya, ya san tasa ce, da saninsa ya ɗauka.