Teburin Surukina Bajamushe

Ni dai har surukina ya bar duniya ban gama gane shi ba, shi ma kuma bai gama gane ni ba. Bajamushe ne, uban matata, ya haura casa'in kafin ya rasu. Ya zo Amurka yana saurayi bayan yaƙi ya ragargaza garinsu, da akwati ɗaya da sana'ar kafinta. Ya yi aiki a kamfanin kujeru har ya yi ritaya, ya gina gida a wani ƙaramin gari, Pleasant Garden, ya haɗa wani ƙaton tebur da hannunsa. A kan teburin nan muka sami saɓani, in ma saɓani ne.

Dokarsa ɗaya ce, ranar Lahadi kowa ya zo. 'Ya'ya, jikoki, surukai, har wani da aurensa da 'yar gidan ya mutu bai daina zuwa ba. Tun da matarsa ta rasu shi ke girki. Dankali, kabeji mai tsami, da wani baƙin burodi mai taurin da za ka iya jifan kare da shi. Sai ya zauna a ƙarshen tebur yana bin bakin kowa da kallo.

Ranar farko da matata ta kai ni, na durƙusa na gaishe shi. Tsoho ya zaci wani abu na yar, ya sunkuya yana taya ni nema. Aka zuba abinci, na ce alhamdulillahi, a ƙoshe nake. Haba! Ni ɗan Zariya, in zauna gaban uban matata ina tauna, ina haɗiya, yana kallon maƙogwarona? Mahaifina har ya rasu ko ruwa bai taɓa sha a gaban surukinsa ba. Da hankali ya ɗauke na sulale da farantina baranda, can na ci.

Lahadin da ta biyo baya naman alade ya ɓace daga teburin. Ta gaba giya ta bi shi. Sai tsohon nan ya tuƙa motarsa har titin Gate City Boulevard, ya nemo shagon da muke sayen naman halal, ya sayo cinyar rago. Ya sayo sababbin tukwane, ya jera min su in gani da takardar kanti a manne. Ni kuwa da na ga irin wannan karramawa sai kunyata ta ninku. Mutumin da ya yi maka haka, da wane ido za ka buɗe baki a gabansa? Yana ƙara matsowa ina ƙara ja da baya, kowa a cikinmu yana ganin kirki yake yi.

Na ce wa matata ta yi masa bayani. Ta gaya masa cewa girmamawa ce. Ya ce, "Girmamawa? To me zai yi min da ƙina yake yi?" A mota muna komawa gida ta ba ni labarin da ban sani ba. Shi da 'yan uwansa suna yara, yunwa ta sa su tonon ragowar dankali a gonakin mutane, kuma ƙanwarsa ba ta tsallake wannan yunwar ba. Tun daga nan, in ya ga kujera babu kowa a teburinsa, shi ma abinci ba ya wuce masa.

Na kira Hajiya, mahaifiyata, na gaya mata. Ta ce, "Kul! Don kana Amurka sai ka zubar mana da mutunci? A ce ba ka da tarbiyya?"

Na ce, "Hajiya, su a nan rashin cin ne rashin tarbiyya."

Ta ce, "To su waɗannan wane irin mutane ne?"

Na ce wallahi ni ma ban sani ba.

Na gwada fa, kada a ce ban gwada ba. Wata Lahadi na zauna, na ɗebo loma, na kawo ta har baki. Ina ɗaga ido muka yi ido huɗu, lomar ta ƙi shiga. Na ajiye cokali na ce an kira ni a waya. Abin ba a kaina yake ba, a jikina yake, ban san yadda zan fassara wannan da Turanci ba.

Shekaru suka tafi a haka. Yaranmu suka taso a kan cinyarsa, suna tsoma hannu a farantinsa, suna kiransa Opa, wato kaka. 'Yata ta taɓa tambayata da Turanci ko horo ake yi min da ake kai ni baranda. Daga baya shi da kansa yake kawo min farantin, ya ajiye, ya koma ciki ya ja ƙofa. Fushi ne? Haƙuri ne? Oho. Mutumin da in motata ta mutu a bakin siton da nake aiki a titin Wendover, shi ne zai fara isowa da akwatin sifanu. "Ɗana" yake ce min. Amma matata ta ji shi yana gaya wa yayarta, "Mutumin kirki ne. Ban dai san abin da na yi masa ba." Maganar nan ta yi min ciwo sosai, kuma ban san inda zan kai ta ba.

A hunturunsa na ƙarshe aka sauko masa da gado falo, kusa da teburin. Ya daina cin abinci. 'Ya'yansa mata sun yi lallashi, sun yi kuka, ya kau da kai. Ranar Lahadi na shigo na durƙusa na gaishe shi, sai ya ce kowa ya ba mu wuri. Ya nuna kwanon miyar dankali da yankan burodi da ke gefensa. Shi ya sa aka dafa, yana kwance yana ba da umarni.

Ya ce, "Ka ci, in ci."

Na dubi ƙofa, babu mai cetona. Na ja kujera, na tsoma burodi na kai baki ina kallon ƙasa.

Ya ce, "A'a. Ɗago, ɗana."

Na ɗago. Na tauna, na haɗiye, yana bin lomar da ido har ta wuce. Sai ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Ashe kai ma haka kake tauna, kamar kowa."

Cokali ɗaya ya kai bakinsa ya ajiye, ya turo min kwanon. Wato dabara tsohon nan ya yi min. Na ci gaba da ci, hawaye na zuba, ban san ko na kunya ne ko na me ba. Da na kusa gamawa ya dafa hannuna.

"Duk shekarun nan ina dafa maka, ban taɓa ganin fuskarka ba in ka ɗanɗana. Gishiri ya ji?"

Babu gishiri ko kaɗan a miyar, likita ya hana tun tuni. Na ce, "Ya ji, Baba." Na suɗe kwanon tas yana kallo.