Da Aka Daina Kushe Hotunan Jan Biro

Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da lissafi a sakandare, kuma a cikinsu babu ɗalibin da zai bugi ƙirji ya ce ya taɓa cin ɗari bisa ɗari a hannunsa. Ko amsarka ta yi daidai, sai ya tono inda ka ja layi ba da rula ba. Nan ya samo sunan Jan Biro, saboda jan biron da yake duba takardu da shi. Sunan ya bi shi har ritaya, har cikin gida, don jikokinsa ma da sun ga ya ba da baya haka suke kiransa. Mai ɗakinsa ce kaɗai ta tsaya a kan Malam, a gabansa da bayan idonsa.

Kyamararsa kuwa tun yana sabon malami ya saye ta a hannun wani abokin aiki da zai bar gari. Irin ta da ce, mai cin fim, ƙarfe zalla, ba batir ba allo. Ba ta gilashin gaba ake leƙawa ba. Wata 'yar taga ce a gefe, a tsakiyarta akwai ɗan tabo mai haske inda abin da ka auna yake fitowa biyu-biyu. Sai ka riƙa murza zoben gilashin a hankali har biyun nan su hau kan juna su zama ɗaya, sannan ka danna. In ka danna ba su haɗu ba, hoto zai fito dishi-dishi, kuma ba za ka sani ba sai an wanke. Aikin ido ne tsantsa, babu na'urar da za ta rufa maka asiri, shi ya sa ta dace da halinsa.

Duk Asabar da yamma su huɗu suke haɗuwa a ɗakin bayan shagon Mai Agogo. Ɗaki ne ɗan tsukuku, tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, bango kuma cike da agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba, kowane da ƙarfen da yake nunawa. Akwai shi Mai Agogon, dattijo mai sanyin magana, wanda shi ne likitan kyamarorinsu. Akwai Sista, da ke aiki a ɗakin yara na asibiti. Sai Direba, mai ɗaukar ma'aikatan wani kamfani safe da yamma, mutum ne mai surutu kamar ya haɗiyi rediyo. Duk irin kyamara ɗaya suke riƙewa.

Dokar zaman Jan Biro ne ya kafa ta. Kowa ya zo da hoto ɗaya tak, wanda ya fi kwanta masa a rai a makon. A kife su a tebur, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kuma mai hoto ba ya cewa uffan sai kowa ya gama faɗin albarkacin bakinsa. Shi ne mai magana a ƙarshe, kuma wallahi ba ya ragawa.

"Direba," zai ce, yana ɗaga hoton kusa da fitila, "wannan turken lantarkin a kan mutumin nan ya tsiro, ko kai ka dasa masa?"

"Haba Malam, can baya fa yake."

"Ba ka da baki tukuna. Taku ɗaya za ka yi hagu, ƙyuya ta hana ka."

Amma fa a yi masa adalci, shi ma ba a raga masa, kuma yana son hakan. Hotunansa na matakalar bene ne, da hannayen mutane a kan aiki, da masu jiran mota a tasha. Da an buɗe nasa sai Direba ya gyara zama yana murza hannu, ya shiga neman aibi har a kusurwa. In ya samo, Jan Biro ya ƙura wa wurin ido, can ya ce, "Ka yi gaskiya." Wannan kalma Direba sai ya yi mako guda yana taƙama da ita.

Abin ya faro ne a hankali. Tabon nan na cikin taga ya fara dusashewa, biyun ba sa rabuwa sosai balle ya ga haɗuwarsu. Ya goge tagar da hankici, ya hura, ya sake gogewa. Daga baya ya kai wa Mai Agogo ya ce ya duba masa, ta goce. Bayan kwana uku Mai Agogo ya miƙo masa ita yana kallon gefe, ya ce, "Ta ɗan goce kam, na saita." Jan Biro ya leƙa, bai ga wani bambanci ba, amma ya yi godiya.

Ba kyamara ba ce kawai, ya sani. Jarida ta fara yi masa wuyar karatu, lambar mota sai ta zo daf da shi yake gane ta. Bai gaya wa kowa ba. Mahaifinsa ya rasa ganinsa da tsufa bayan an taɓa masa ido, kuma shi ne ya yi shekara shida yana riƙe masa hannu zuwa ƙofar gida. Tun daga lokacin, maganar a kai wuƙa kusa da idonsa ita ce abin da ya fi tsoro a duniya.

Babbar matsalar ita ce, yanzu ko an wanko masa hoto ba ya iya tantance ya fita ko bai fita ba, don komai dishi-dishi yake gani. Sai ya mai da mutanen nan uku idanunsa ba tare da sun sani ba. A ransa ya ce, ai waɗannan ba sa yi mini kara. Muddin suka ce hoto ya fita, to hannuna bai mutu ba, ido kuma ya jira.

Su kuwa suka yi ta cewa ya fita.

"Masha Allah, Malam, hasken nan ya zauna," in ji Mai Agogo.

"Ni dai ban ga abin cewa ba," in ji Direba, ya tura hoton gaba da sauri.

Sista takan gyaɗa kai kawai ta zuba shayi. Makon farko ya ji daɗi, na biyu ma haka, har ya gaya wa mai ɗakinsa cewa da alama sai da ya tsufa ya iya hoto. Amma mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana duba takardun jarrabawa ya san yadda satar amsa take kama, mutum uku ba sa yin daidai iri ɗaya kullum. Wata huɗu cur Direba bai samo masa aibi ko ɗaya ba. Direba fa! Wanda ko hoton fasfo ka ba shi sai ya ce kunne ɗaya ya fi ɗaya.

Wata ranar Talata da safe ya ajiye butar shayi a teburin kicin, ya tsaya daf da ita, ya murɗa zoben gilashin har ƙarshe, can inda ake sa shi in za a ɗauki abu mai nisa, ya danna. Da aka wanko, shi kansa da idon nasa ya ga abin ya zama kamar hayaƙi. Shi ya ɗauka ya tafi da shi ranar Asabar, ya kife a tebur.

Da aka buɗe, su ukun suka sunkuya a kansa. Mai Agogo ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya ce, "Akwai wani laushi a cikinsa, Malam. Ba kowa ke iya wannan ba."

"Kamar mafarki," in ji Direba. "Wallahi kamar mafarki."

Jan Biro bai jira Sista ba. Karo na farko tun da aka fara zaman, mai hoto ya yi magana kafin a gama.

"Mene ne a cikin hoton, Direba?"

Direba ya sake leƙawa. "Kamar... mutum ne a zaune, ko?"

"Buta ce. Da gangan na ɓata shi." Muryarsa ba ta ɗaga ba. "Wata huɗu ina kawo muku hotuna ina jiran ku gaya mini gaskiya, don ni ba na gani. Ku kaɗai na amince wa. Ashe kun daɗe da cire ni daga cikinku, lallashina kawai kuke yi kamar mara lafiya. Wallahi da zagina kuka yi da ya fi mini sauƙi."

Mai Agogo ne ya fara, kansa a ƙasa. "Lafiyar kyamararka ƙalau, Malam. Na gwada ta sau uku. Ko noti ɗaya ban taɓa ba. Na rasa yadda zan gaya maka ne."

"To ni bari in gaya maka," in ji Sista. Ta ajiye kofinta. "Tun wata huɗu babu hotonka ɗaya da ya fita, ko ɗaya. Yanar ido ce ta kama ka, Malam, daga nan inda nake zaune ina hango ta a na dama. Mun yi kuskure da muka yi shiru, ni ce ma na fi kowa laifi, don ni na san abin. Amma ba ciwon da za a zauna a kai ba ne. Kullum ana cirewa, mutum ya koma gida a ranar."

Jan Biro ya miƙe. Ya ɗauki hotonsa, ya rataya kyamara, ya fita, ya bar shayinsa a kofi.

Asabar biyu bai je ba. Yana zaune a falo da kyamara a cinya, yana murza zobe gaba da baya. A ta biyun mai ɗakinsa ta shigo da kayan guga, ta dube shi ta ce, "Malam, yau ma ba za ka wajen mutanenka ba?"

"Maƙaryata ne."

"To har da ni a ciki." Ta zauna a hannun kujera. "Wa kake tsammani ya ɗauke ɗan teburin nan daga hanya bayan ka yi karo da shi sau biyu? Kana ganin son magana ne ya sa nake karanta maka takardar magani da ƙarfi? Kai ka iya faɗa wa mutane gaskiya a kan layi da kusurwa. Wannan kuwa kowa ya ga tsoronta a fuskarka, shi ya sa bakinmu ya yi nauyi."

"Baba ma haka aka ce masa, aiki ne ƙarami."

"Na sani, ina gidan. Amma ko an taɓa ko ba a taɓa ba, hanyar da ka ɗauko can za ta kai ka. Gara a gwada."

Ya ajiye kyamarar a gefe. Can ya ce ta nemo masa lambar Sista, ta danna masa, don shi ba ya ganin lambobin.

An yi aikin wata Laraba da safe, idon dama. Sista ta yi musayar aiki da wata ta zo ta zauna da mai ɗakinsa a benci, Direba kuma ya mai da su gida yana tuƙi a hankali kamar ya ɗauko ƙwai, abin da ba a taɓa gani ba. Da aka cire bandeji, abin da Jan Biro ya fara cewa shi ne ashe labulen falon nan shuɗi ne, kuma yana buƙatar wanki. Daga baya ya fito da hotunan wata huɗun nan ya baza a gado. Ya daɗe yana kallonsu. Kunya ta kama shi sosai, musamman da ya tuna yadda ya riƙa ajiye su a tebur yana hura hanci.

Sai da likita ya ba shi izini sannan ya sa sabon fim. Ya fita tasha da sassafe, ya ɗaga kyamara ya leƙa, sai ga tabon nan tar, biyun a rabe sarai. Ya murza, suka hau kan juna. Zumuɗi ya sa ya cinye fim ɗin duka kafin rana ta yi zafi, shi da yakan yi mako guda cur a kan ɗaya.

Ranar Asabar ya shiga ɗakin baya, ya gaishe su kamar jiya aka rabu, ya kife hotonsa. Wani tsoho ne mai gyaran takalmi, a sunkuye yana zura zare. Da aka buɗe, Mai Agogo ya buɗe baki zai fara masha Allah, Jan Biro ya yi masa wani kallo, sai ya haɗiye.

Direba ya jawo hoton gabansa. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya saci kallon Sista. Sannan ya gyara zama.

"Ya fita kam, Malam, har zaren ana ƙirgawa. Amma hoton bai yi ba."

Jan Biro ya naɗe hannu.

"Ka yanke masa gwiwar hannu. Rabin hoton bango ne, ban san me bangon ya yi maka ba. Kuma ka yi gaggawa, da ka jira ya ɗago kai. Wannan ko ni ba zan kawo shi nan ba."

"Hasken ma ya yi yawa a hularsa," in ji Sista.

"Kuma ya ɗan karkace," in ji Mai Agogo a hankali, kamar mai neman gafara.

Jan Biro ya ɗauki hoton ya kai kusa da fitila. Duk abin da suka faɗa yana nan, kuma yana ganinsa da idonsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya ciro hankici ya share idon da aka yi wa aiki, ya ce har yanzu yakan yi ruwa, likita ya ce haka yake yi. Babu wanda ya tanka masa cewa ɗayan ma yana yi.

Da ya koma gida mai ɗakinsa tana kicin. Ta ɗaga murya ta ce, "Malam, ya aka yi da hoton?"

"Sun ce bai yi ba. Su ukun duka."

Ta leƙo ta ƙofa, ta dube shi da kyau. "Shi ne kake ta murmushi haka?"

"Zuba mini shayi," ya ce. "Gobe da sassafe zan koma wajen mai takalmin nan."