Kawunan Matan Zaitawa a Wayar Asibi

Duk macen da ta taɓa zama a gaban Asibi mai kitso ta san abu biyu game da ita: ba ta da zafin hannu, kuma matsoraciya ce ta ƙin ƙarawa. Ta haura arba'in da biyar, ta haifi shida, ta aurar da uku, amma har gobe idan za ta tsallaka titin Ƙofar Mazugal sai ta jira wata tsohuwa ta zo, ta bi bayanta. Idan aka kawo wuta ba ta kunna soket da yatsa, da muciya take kunnawa. Mijinta Malam Ado, mai sayar da takalma a Kurmi, yakan ce da tsoro sana'a ne da tuni sun gina bene.

A Mandawari ta tashi, a hannun gwaggonta, kuma a nan ta koyi kitso tun tana shekara tara. Aure ne ya kawo ta Zaitawa. Ta zo da kibiyar kitso guda biyu, da kwalbar man kaɗe, da magana ɗaya da gwaggon ta dasa mata: abin da ɗankwali ya rufe, bakin mai kitso ma ya rufe shi. Shekara talatin ke nan mata suna shiga ɗakinta su tuɓe ɗankwali. Ta san mai furfura tana shafa baƙi, ta san mai amosani, ta san wadda gashinta bai kai na ɗan tsako ba amma a biki sai ka rantse gammo ta ɗora. Ba a taɓa jin ko ɗaya a waje ba.

Hoto ya shigo sana'arta ne saboda matan birni ba su iya kwatance ba. Mace za ta zauna ta ce, "Irin na matar nan za ki yi min, wadda muka gani a sunan gidan su Uwani, mai atamfa ruwan goro." Asibi ba ta je sunan ba. Shi ya sa da ta sami waya mai kyamara, sai ta riƙa neman izini in ta gama aiki, ta ɗauki kan ta baya, ba fuska. Shuku, kalaba, zane, duk ta tara. Mai son kitso sai ta duba ta nuna da yatsa, an huta da gardama.

Akwai dai wasu hotuna goma sha tara da ba na talla ba ne. Na Hajiya 'Yardada ne, dattijuwar Mandawari da ake shakkar ko tari a gabanta. Bayan wata doguwar jinya, gashin tsakiyar kanta ya zube, faɗin tafin hannu. Mijinta bai sani ba, 'ya'yanta ba su sani ba. Kowace Alhamis da hantsi Asibi za ta je, a rufe ƙofa, ta shafa magani, ta ja gashin gefe ta kitse a kan wurin. Da yake mutum ba ya ganin tsakiyar kansa, Hajiya ce da kanta ta ce a riƙa ɗauka tana gani ko yana tsirowa.

Sai wayar ta fara kumbura. Bayanta ya ɗago kamar burodi, ga shi kullum tana kukan ta cika. Asibi ta daina ajiye ta kusa da gado, ta koma kife ta da kwano a tsakar gida. Malam Ado ya ce ta kawo ya kai kasuwar waya a canza batir.

"Masu gyaran mata ne?" in ji ta.

"Ina kika taɓa ganin mace tana gyaran waya?"

"To ba za ta je ba. Kan matan mutane ɗari huɗu ne a ciki."

"Sai ki bar ta ta fashe."

Ga tsoron fashewa, ga tsoron mai gyara. Mako biyu Asibi tana ramewa a tsakaninsu, har ranar da Malama Safiya ta zo kitso. Safiya malamar kwamfuta ce a wata makarantar 'yan mata, mace mai haƙuri da tambaya, tunda abincinta ke nan. Kanta a sunkuye, rabi a tsefe, ta yi bayani cewa akwai ma'ajiyar hotuna a intanet. A kwashe komai a zuba can, a share wayar tas, sannan a kai gyara.

"To Malama, idan na zuba su can, a ina suke kwana?"

"A wasu manyan na'urori, a wata ƙasa."

"Wa ke gadinsu?"

"Ma'aikata mana."

"Maza?"

Safiya ta yi dariya har tsagar ta karkace. "Yaya Asibi, Bature yana can ƙarshen duniya, me zai yi da ƙeyar Uwani?"

"Namiji namiji ne, ko a bangon duniya yake. Tsaya da kanki."

Safiya ta nuna mata manhaja biyu. Kowacce tana da ƙuryar ɗaki inda mai waya kaɗai ke gani, da kuma zaure inda za ka ajiye abin da kake son baƙi su gani. Bambancin a ƙofar zauren yake. Ta farko, duk wanda ya sami link, wato adireshin zauren, ya shiga, ba sallama. Ta biyu kuwa sai ka rubuta sunan mutum da imel ɗinsa kafin ƙofa ta buɗe masa.

"Ta biyun za ki ɗauka," in ji Safiya. "Irin halinki ce."

Asibi ta kitsa layi guda har ƙarshe. Zuciyarta ta biyun take so. Amma sai ta hango kanta tana tambayar Hajiya Maryam ta gidan bene imel, matar da ko lambar wayarta sai ta duba bayan katin biki. Ta hango ana cewa Asibi ta waye, yanzu sai da takardar shiga ake ganin kitsonta. A birni ana yafe maka abubuwa da yawa, amma ba a yafe a ce ka mayar da na gida baƙo. Wannan tsoron ya danne wancan, ta ce a yi mata ta farko.

Safiya ba ta ja ba. Ta kwashe hotunan duka ta sa a ƙurya, suka zaɓi arba'in masu kyau waɗanda masu su suka yarda, aka sa a zaure, aka tura link a gurup ɗin matan unguwa. Ta kama hannun Asibi ta ce, "Idan za ki ƙara, ɗaya-ɗaya za ki zaɓa. Abin da ba ki gane ba, kada ki taɓa."

Mako uku abin ya tafi lafiya. Waya ta dawo da sabon batir, har daga Fagge ake kira ana cewa lamba goma sha biyu ake so. Ran wata Litinin Asibi ta yi wa Shamsiyya, matar Malam Sule tela, wani shuku da ita kanta ya burge ta. Ta ce bari ta ƙara shi. Tana taɓawa sai wani rubutun Turanci ya fito ya tare fuskar wayar, da maɓalli biyu, ƙarami da babba. Matsoraci kuwa ba karatu yake ba, so yake abin ya kauce daga gabansa. Ta dangwala babban, rubutun ya ɓace, ta yi hamdala ta ɗora tukunya.

Ran Laraba da safe za ta wuce sayen man gyaɗa, Malam Sule ya ɗago daga kan keken ɗinkinsa a bakin lungu.

"A'a, Asibi, ashe haka kika iya aiki? Mai ɗakina ta turo min in taya ta zaɓen na biki. Wallahi yatsana ya gaji, kawuna sun fi ɗari uku ban ga ƙarshensu ba."

"Arba'in ne," in ji Asibi. Muryar da ta fito ba tata ba ce.

"Wane arba'in? Har da wani bawan Allah, ko baiwar Allah ce, tsakiyar kai fayau kamar nawa. Na ce Asibi har mu take yi wa?" Ya ɗaga hula ya shafa sanƙonsa yana dariya.

Kwalbar man ta kuɓuce daga hannunta. Ba ta tsaya ɗauka ba. Mutanen da suka gan ta ranar sun ce ta tsallaka titi ita kaɗai, ba ta duba hagu ba, ba ta duba dama ba, mai babur ɗaya har yana zaginta. A hanya tunani ɗaya ke yi mata ganga a ka: ɗan kunnen Hajiya. Wani ɗan kunnen zinare ne mai siffar ganye, wanda duk Mandawari an san kunnen da yake rataye. Ba ta tuna ko ya fito a hoton ba. Ta tuna ya fito. Ta sake tunawa bai fito ba.

Da ta isa makarantar, sai da aka fito da Safiya daga aji. Ta karɓi wayar, ta duba, fuskarta ta canza, wannan kuwa ya fi komai tayar wa Asibi da hankali, don ba ta taɓa ganin Malama a haka ba. Rubutun nan tambaya yake ko a kwaso duk abin da ke ƙurya a zuba a zaure. Babban maɓallin shi ne "e".

Safiya ta rufe link ɗin nan take. Asibi ta riƙe ƙarfen baranda.

"Mutum nawa suka shiga?"

"Tun Litinin, sittin da uku."

"Su wa da wa?"

"Wannan manhajar ba ta faɗa. Da ɗayar ce, da mun gani."

Suka buɗe hotuna goma sha taran. A goma sha shida ba komai sai kai. A uku, ga gefen kunne, ga ganyen zinare yana ƙyalli.

"Wataƙila ba wanda ya kai nan," in ji Safiya a hankali. "Suna can ƙasa sosai. Ki yi shiru, Yaya. In ba a ce ba, ba a gani ba."

Asibi ta so ta karɓi wannan shawara, ta so ƙwarai. Ta yini tana juya ta, tuwon ranar ma gishiri sau biyu ya sha. Duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai ta ce aike ne daga Mandawari.

Alhamis da hantsi ta je. Aka rufe ƙofa, Hajiya 'Yardada ta zauna a kan darduma ta cire ɗankwali. Asibi ta lakato magani, ta kai hannu, yatsun suka ƙi tsayawa.

"Ke, lafiya? Hannunki rawa yake."

Asibi ta zagayo gabanta ta durƙusa. Ta faɗi komai, tun daga kumburin batir har zuwa babban maɓalli, ba ta rage ba, ba ta kuma ɗora wa Safiya ko ƙwayar laifi ba. Hajiya ta jawo ɗankwalinta ta rufe kai tun kafin a kai ƙarshe.

"Mutum nawa?"

"Sittin da uku, Hajiya."

"Da maza?"

"Sule tela dai na tabbata."

"Ya gane?"

"Ya ɗauka namiji ne."

Wani abu ya motsa a gefen bakin Hajiya, amma bai zama dariya ba.

"Alhaji bai gani ba," ta ce. "'Ya'yan da na haifa ba su gani ba. Sule tela ya gani." Ta miƙa hannu. "Share su a gabana. Na can ɗin ma."

Asibi ta share ɗaya bayan ɗaya, Hajiya tana ƙirgawa, har goma sha tara.

"Tashi ki je. In ina nemanki zan aiko."

Alhamis uku ba a aiko ba. A cikin makonnin nan Asibi ta koma manhaja ta biyu, mai tambayar suna a ƙofa. Ta bi gidajen masu kitsonta ɗaya-ɗaya, ta faɗa musu abin da ya faru, ta sake neman izini. Wasu sun yi dariya, wasu sun yi salati, biyu sun koma wajen wata mai kitson a Mandawari. Kawuna goma sha bakwai kaɗai suka yarda su zauna a sabon zauren. Hajiya Maryam ta gidan bene kuwa, da aka tambaye ta imel, sai ga shi tana da har guda biyu.

Abin da ya fi cin Asibi shi ne shirun. Ba wanda ya ce ya gane kan. Amma a cikin birni rashin faɗa ba ya nufin rashin gani. Idan mace ta ce mata, "Ya jikin Hajiya 'Yardada?" sai ta tsaya tana auna muryar, ko gaisuwa ce, ko akwai wani abu a ƙarƙashi.

A Alhamis ta huɗu aka aiko. Asibi ta yi alwala kafin ta fita, kamar mai zuwa kotu. Tana shiga ta tarar Hajiya a kan darduma, a gefenta ga madubai biyu sababbi, babba da ƙarami.

"Ina wayar?"

"Tana gida, Hajiya."

"Madalla. Riƙe ƙaramin ta baya, ni in riƙe babban."

Suka yi ta karkata madubai, ɗaya ya nuna rufi, ɗaya ya nuna hancin Asibi, har dai tsakiyar kan ta bayyana. Hajiya ta ƙura ido.

"Wannan baƙi-baƙin gashi ne, ko inuwar hannunki ce?"

"Gashi ne, Hajiya."

"To daina girgiza madubin in gani da kyau."