Ragon Iya da Damin Gero

Idan an gama girbi sanyi ya fara shigowa, kakata, wadda muke kira Iya, takan hura wutar kara a bakin ɗakinta bayan magariba. A ƙauyenmu na kusa da Kiéché babu yaron da bai san wutar nan ba. Muna gasa gujiya muna ƙona yatsu, ita kuwa tana ta jan rai sai mun roƙe ta. Tabarma ɗaya muke hawa da Mamman, ɗan babban gidan da ke gabas da namu. Kansa a kafaɗata yake barci, har yawunsa na sha wankewa daga rigata.

Akwai tatsuniyar da ba ta wuce shekara ba ta yi mana ita ba. Wai wani mutum ne yake da rago, ya raine shi a tsakar gida tare da ƴaƴansa, har yana kiransa ɗana. Wata rana kura ta biyo dare za ta ɗauke ragon. Maigida ya fito da sanda yana kururuwa, gari ya taru, aka yi ta tsine wa azzaluma. Da layya ta zo sai ga maigida yana wasa wuƙa. Rago ya ce, "Baba, ni ɗin?"

Nan Iya take kumbura murya irin ta maigida: "Kai, rufa min baki! Kura fa? Da ita ta kama ka, ko bisimilla ta yi maka?"

Mu kuwa sai mu fashe da dariya, Mamman har yana birgima. Iya dai sai ta tura kara cikin wuta ta ce, "Ku tahi ku kwanta, ta ƙare."

A shekarun nan, duk girbi babana yakan ɗora mini damin gero a ka in kai gidan su Mamman. Na ɗauka zumunci ne. Ina kaiwa ina taƙama, don uwarsa takan ba ni fura mai nono.

Mun girma. Mamman ya yi lakkol, wato boko, ya zama malami a Dogon Dutsi, ni na gaji gonar babana. In na shiga gari nakan zauna a fadarsu ta shayi, in saki baki ina sauraronsa. Ba a kai shi iya magana kan yadda Turawa suka kwashi baƙar fata cikin jiragen ruwa ba, ko yadda ake sayar da ƴan ci-rani a Libiya. Wallahi har hawaye na taɓa gani a idonsa, ni ma na taya shi.

Bara danginsa suka ce suna son gonarmu. A gaban maigari, wani baffansa ya ce kakanninmu bayinsu ne, gonar aro ce, damin nan shi ne shaida. Aka juya ga Mamman. Na dube shi ina jiran ya yi irin maganar da yake yi a fada. Sai ya ce, "Gaskiya ne. Shi da kansa ke kawo shi."

A ranar na fara jin kalmar bawa a kaina, kuma a bakin da muka ci gujiya tare aka tabbatar da ita. Na bi shi har gindin babur ɗinsa.

"Mamman, ni ɗin?"

"Mi kake so in ce? Mu mun taɓa sa muku sarƙa? Tahi ka ga abin da Turawa sunka yi. Larabawa fa? Ku da kunka tashi cikin gidanmu kamar ɗiya!"

Abin da Turawa suka yi gaskiya ne, na Libiya ma gaskiya ne, amma ba su ne za su shuka gonar babana bana ba.

Na ji zafin Mamman, har yanzu ina ji. Na ji zafin Iya ma, da ta bar ni ina ɗaukar damin nan ina murna. Sai daga baya na gane ta faɗa mana, a gaban ɗan gidan, ta hanya ɗaya tak da take da ikon faɗa. Shekara da shekaru tana ba mu labarinmu, mu biyu muna dariya, ita ba ta taɓa yi ba ko sau ɗaya.