Wanda Ya San Uban Ɗahiru

Duk wanda ya saba sayen kifi a bakin ruwan Tiga, ta ɓangaren Bebeji, ya san Ɗahiru. Dogo ne, baƙi, tafin hannunsa kamar bayan tsohuwar ƙwarya, kuma ba ya ɗaga murya ko da ciniki ya yi zafi. Shekara ashirin da takwas ke nan yana jefa birgi, komar kamun kifi, a ruwan nan. An san jirginsa, an san sahun da yake tsayawa a masallaci, an san ba ya cakuɗa kifin jiya da na yau. Abu ɗaya ne ba a sani ba, ba kuma wanda ya taɓa damuwa ya sani: ɗan waye.

Ubansa Lado ɗan Kwarin Maje ne, wani ƙauye mai gida bakwai da ruwa ya rufe lokacin da aka datse kogi. Mutanen suka watse kamar gero a gaban kaji. Lado yana matashi ya bi masunta har Baga, can ya yi aure, can aka haifi Ɗahiru, can kuma aka binne shi da matarsa. Sau ɗaya tak ya kawo ɗansa ganin gida, ya kai shi gaban wani tsohon maƙwabcinsu mai suna Hamidu ya ce, "Ga naka." Da Ɗahiru ya zama maraya, sai ya tattaro komarsa ya dawo kusa da ƙasar da ba zai taɓa takawa ba.

Aurensa na fari bai zo da tambaya ba. Husna 'yar masunta ce, iyayenta sun ga aikinsa, ya ishe su. Shekara goma sha shida suka yi, Allah bai ba su haihuwa ba, zazzaɓin damina ya ɗauke ta cikin kwana huɗu. Daga nan ɗakin ya yi masa faɗi. Yakan dawo daga ruwa ya tarar da murhu a sanyaye, ya yi sallama a ƙofa saboda sabo, ya tsaya jim kaɗan kafin ya tuna.

Surajo, abokinsa mai bandar kifi, shi ya ƙwace masa waya wata ranar kasuwa.

"Kai gwauron ƙarshen zamani, kawo nan. Mutane na samun mata a cikin akwatin nan, kai kana sauraron wa'azi da farashin karfasa."

"Matar waya ai sai mijin waya."

"To zauna. In ka mutu tarwaɗa ce za ta yi maka takaba."

Haka aka sa shi a wani zauren haɗa aure na Wasap. Aka ɗauki hotonsa sanye da hular Surajo, aka rubuta shekarunsa da sana'arsa. Shi bai yi boko ba, saboda haka da saƙon murya yake zance.

Ta farko 'yar birni ce. Ta ga an rubuta yana harkar ruwa, ta ɗauka mai gidan ruwan leda ne. Da ya yi mata bayani ta ce, "Au, su kake yi?" Bai sake jin ta ba. Ta biyu kuwa mako uku suna hira mai daɗi, sai ranar nan tari ya sarƙe ta a tsakiyar saƙo, muryar ƙaton namiji ta fito. Surajo ya yi dariya har ya faɗo daga kan benci, ya yi wata guda yana kiran sa angon Tanko, sunan da ya laƙaba wa mai muryar. Ta uku ta zo ganin sa da ƙawarta, suka ci soyayyen kifi, suka yaba, sannan ta aiko cewa warin ba zai bar ta ta yi barci ba. Wannan ta fi yi masa ciwo, don gaskiya ta faɗa.

Sai Badiyya.

Bazawara ce a Doguwa, tana ɗinki a zauren gidansu. Saƙonta na farko ba gaisuwar yanga ba ce. Cewa ta yi, "Malam Ɗahiru, wai da gaske ne kifi yana jin tsawa?" Ya ba ta amsa mai tsawon minti bakwai, shi da ba ya haɗa jimla uku a jere. Daga nan kullum da hantsi, in ya fito daga ruwa, yakan hau wani tudu inda sabis yake kamawa, ya tarar da muryarta tana jira, ƙarar keken ɗinki a bayanta kamar yayyafi a kan kwano. Takan ba shi labarin sanyin Doguwa da matan da ke kawo yadi biyu su ce a fitar musu da riga da zane da ɗankwali. Shi kuma ya gaya mata launin ruwa a ranar. Ta fara tsokanar sa da Sarkin Ruwa. Ya fara sayen sabulu mai ƙamshi.

Bayan wata huɗu ya shiga mota ta Tudun Wada ya je. Suka zauna a zaure, tabarma biyu, ƙofa a buɗe. Ta dubi hannuwansa ta ce, "Waɗannan ba su san ƙarya ba." Sannan ta sunkuyar da kai.

"Amma akwai Baffa Bature. Shi ne waliyyina. Mijina na fari baƙo ne, ya zo haƙar ma'adini, ya ce shi ɗan gidan malamai ne a wani gari. Baffa ya yarda da fuskarsa ya ba shi ni. Wata takwas ya ɓace. Da aka je garin, babu wanda ya taɓa jin sunansa. Shekara huɗu ina zaune, ni ba matar aure ba ni ba sakakkiya ba, sai da alƙali ya raba. Baffa ya rantse ba zai sake ba da ni ba sai ya binciki asali da ƙafarsa."

Baffa Bature manomin masara ne, gajere, mai farin gemu da taushin magana. Bai tambayi Ɗahiru abin da ya mallaka ba.

"Yaro, mutum ɗaya nake so. Mai furfura, wanda zai ce da bakinsa: na san kakansa, na san ubansa, wannan kuma ɗansa ne. Shi ke nan. Ka kai ni garinku."

"Baba, garinmu yana ƙarƙashin ruwa."

"To mutanen garin fa? Su ma kifi suka zama?"

Mutum ɗaya ya rage cikin waɗanda suka san Lado, shi ne Baba Hamidu. Ya haura tamanin da biyar, idonsa ya tafi, yana zaune wurin 'yarsa Saude a ɗaya daga ƙauyukan da aka yi wa mutanen da ruwa ya tasa. Ɗahiru ya je da Surajo ranar Juma'a, da goro da kifi banda. Tsohon yana cikin hayyacinsa sarai. Ya kama hannun Ɗahiru ya jero masa komai: kakansa Shu'aibu mai rijiyar da ba ta ƙafewa, kakarsa mai kitso, ranar da Lado ya kawo shi yana ɗan shekara bakwai da gyambo a ƙafa. Ya ce, "Ku kawo mutumin Doguwa, ni zan gaya masa."

Surajo ya taɓa shi da gwiwar hannu ya raɗa masa, "Ɗauki maganar nan a waya."

Ɗahiru ya harare shi. "In miƙa wa dattijo waya a baki kamar ɗan jarida? Ya ce zai faɗa, zai faɗa. Kwana biyar ne."

Ranar Laraba Baffa Bature ya sauka daga mota da babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure. Suka tarar da Baba Hamidu a gindin darbejiya. Saude ta tare su tun daga nesa, fuskarta ba daɗi. Ta ce ya yi zazzaɓi kwana biyu, tun daga nan maganarsa takan tafi ta dawo.

Aka gaisa, aka daɗe ana gaisawa. Sannan Baffa Bature ya matsa kusa.

"Baba, ko ka san wani Shu'aibu na Kwarin Maje?"

Fuskar tsohon ta washe. "Shu'aibu! Ai katanga ɗaya ce tsakaninmu. Mutumin kirki. Yanzu ma yana gona, in kun jira zai dawo."

Saude ta rufe baki da gefen mayafi.

"Ɗansa Lado fa?"

"Ɗan banzan yaro mai ƙiriniya. Jiya ya bar awaki suka shiga dawata."

"To ga ɗan Lado nan a gabanka, Ɗahiru."

Baba Hamidu ya yi dariya har haƙoransa biyu suka fito. "Ɗan Lado? Lado ko gemu bai yi ba, ina ya ga ɗa? Wasa kuke yi da ni. Wannan baƙo ne, a ba shi ruwa."

Ɗahiru ya durƙusa ya kama hannun. "Baba, ni ne. Mai gyambo. Ranar Juma'a ka faɗa."

"Sannu, baƙo. Daga ina?"

Saude ta rantse cewa da kunnenta ta ji, Surajo ma ya rantse. Baffa Bature ya saurare su har suka gama, bai katse kowa ba. A hanyar komawa tasha ya tsaya ya dubi Ɗahiru.

"Ɗahiru, wallahi zuciyata ta yarda da kai. Amma wancan ma zuciyata ce ta yarda da shi. Na daina aiki da ita a kan yarinyar nan. In tsoho ya dawo hayyacinsa, ka kira ni, ko ina tsakiyar gona zan zo. Na ba ka zuwa kaka."

Duk Juma'ar daminar nan Ɗahiru yana gindin darbejiya, waya a hannu, yatsa a kan maɓallin ɗaukar murya. Kunyar da ta hana shi ta tafi, amma tsohon bai dawo ba. Yana can Kwarin Maje yana shuka, yana rigima da awaki, yana tambayar ko an ga hadari ta gabas. Kowane mako sai ya yi wa Ɗahiru maraba irin ta baƙo. Badiyya tana aiko da saƙo, tun tana tsokana har ta koma addu'a kawai. Sau ɗaya ta ce za ta yi wa Baffa tawaye. Shi ya hana ta, ya ce mutumin da ya yi shekara huɗu yana zaryar kotu dominta bai cancanci haka ba.

Aka girbe masara, aka kai ta rumbu. Saƙonta na ƙarshe gajere ne, babu ƙarar keke a bayansa. Baffa ya ba da ita ga wani maƙwabcinsu, mai shagon taki, matarsa ta rasu, an san gidansu tun kaka da kakanni. Ta ce, "Ka yafe mini, Sarkin Ruwa." Ya ce babu abin yafewa, Allah ya sa albarka. Sai da ya maimaita ɗaukar saƙon sau uku kafin muryarsa ta tsaya.

Bai daina zuwa wurin tsohon ba, don ya riga ya saba, kuma Saude takan ce ranar ce kaɗai mahaifinta yake cin abinci sosai. Juma'a ta biyu bayan ɗaurin auren, ya yi sallama kamar kullum. Baba Hamidu ya ɗaga kai da sauri.

"Wa nake ji? Matso."

Ya shafa fuskar Ɗahiru da yatsu, goshi, hanci, haɓa. Ɗahiru ya danna maɓallin ba tare da ya yi tunani ba.

"Wannan ai goshin Shu'aibu ne. Muryar kuma ta Lado. Ɗahiru, kai ne? Ina ka shiga haka? Ina mutumin Doguwa da ka ce za ka kawo?"

Saude ta juya ta shige gida.

"Ya zo, Baba. Ya gaishe ka."

"To madalla. An sa rana?"

"An sa."

Minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ne maganar. Tana nan a wayarsa. Surajo ya ce masa ya tura wa Baffa Bature, ko don ya san bai yi ƙarya ba. Ɗahiru ya ce in ta isa Doguwa za ta isa kunnen Badiyya, ita kuwa yanzu matar wani ce, tana bukatar zuciyarta ta zauna wuri ɗaya. Bai tura ba.